Kudili da Tsakuwar Gwaggo

Kafin masu waina su ɗora tanda a bakin layinmu, Okwudili ya riga ya fito tsakar gidansa da bokiti, ya tsaya a bakin tsohon bahon ƙarfen nan da ke gindin gwanda. Ba ya gaida kowa sai ya gaida Gwaggo. Gwaggo kififfiya ce, faɗinta ya kai faifai, ta kuma girmi wasu matan aure a unguwar nan. Zai ɗebi ruwan bahon a tafin hannu ya shinshina. Sannan ya kara kunne a jikin shuɗin duron da ke tsaye kan bulo a gefe, ya saurari yadda ruwa ke sauka a ciki. Idan sautin ya yi masa, sai ya jefa mata tana ko guntun kifi, ya ɗaure bututai da tsohon gidan sauro a bayan babur, ya shiga gari gida-gida, duk inda aka kafa kwamin kiwon kifi.

Mu nan Malumfashi Kudili muke ce masa, shi ma ya daɗe da haƙura da sauran sunan. A Funtua aka haife shi, inda mahaifinsa ke sayar da kayan famfo. Ranar Lahadi yana coci, sauran ranaku yana cikin gidajenmu, kuma in yana magana a bayan katanga ba ka cewa ba Bakatsine ba ne.

Ni Buba mai haƙar rijiya ne ke wannan magana, kuma in ana zancen ruwa a ƙasar nan ba na bin bayan kowa. Daga nan zuwa Ƙarfi, ka tambayi rijiyar da ba ta ƙafewa, za a ce maka hannuna ne. Ƙasa ta rufta da ni na fito. Amai da gudawa ta kwashe abokan aikina ta tsallake ni. An tare motarmu a daji, na dawo gida da ƙafata ba takalmi. Ban zauna a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Hulata ba ta saurin barin kaina. Mutum ɗaya na cire wa ita a kan sha'anin ruwa, shi ne wannan da nake ba ku labari.

Asalin sana'ar tasa faɗan gida ne. Wata shekara da rani kududdufin bayan gari ya ƙafe, masu su suka tono kififfiya a cikin laka za su gasa, Kudili ya saye ta ya kawo gida. Ba a yi nisa ba ruwan bahon ya fara wari. Matarsa Onyinye, wadda yanzu ba ta da rai, ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanci ta ce masa ya zaɓa, ko ita ko wannan abar. Shi kuwa ya ce duka biyun yake so. Ya samo duro, ya huda ƙasansa, ya jera manyan duwatsu, ya bi da tsakuwa, ya sa gawayi, ya rufe da gidan sauro ninki-ninki. Ruwan bahon ya hau ta sama, ya ratso ya dawo ta ƙasa. Da fari da bokiti yake ɗagawa, daga baya ya samu ɗan injin sola. Ya lalata duro ya fi a ƙirga kafin ya gano abin da ya zama sirrin aikinsa: duk ranar da ya wanke tsakuwar tas, ruwan sai ya ɓaci, in ya bar ta ta yi yauƙi, sai ruwan ya kwanta garau.

"Yauƙin nan rai gare shi, Baba Buba," haka yake ce mini. "Shi ke cinye fitsarin dabbar. Tsakuwa gidansa ce kawai."

Shekaru muna yi masa dariya, mutumin da ke tace wa kififfiya ruwa. Dariyar ta ƙare ne da mutanen ƙauye suka fara shigowa gari da tabarmi a ka, gonakinsu sun gagari zuwa. Manomin da ba shi da gona, in ya samu ɗan fili a tsakar gida, sai ya kafa kwami da tamfol ya zuba tarwaɗa. To amma kifi ruwa yake ci, ruwa kuma a bazara sai mai hali. Duron Kudili ne ya sa ruwa ɗaya yake zagayawa ya daɗe bai ɓaci ba. Kuma duk sabon duron da ya haɗa, sai ya ɗebo 'yar tsohuwar tsakuwa mai yauƙi ya zuba a ciki, kamar yadda mai nono ke ɗiga tsohon kindirmo a sabuwar madara don ta kama.

A cikin waɗanda suka shigo akwai Hansai. Daga wani ƙauye ta fito ta wajen Matazu, an kashe mijinta a gona, ta taho da 'ya'yanta ta kama ɗaki a gidan da ke jingine da nawa. Ƙanen mijin, Awaisu, bai so tahowarta ba. Ba mugu ba ne, shi ma nauyi ya yi masa yawa. Ya ce mata ya ba ta zuwa faɗuwar damina. In ta iya ciyar da yaran a gari, shi ke nan, in ba ta iya ba, gonar ubansu tana nan, su koma su noma ta. Gonar da aka ɗauko gawar uban daga cikinta ke nan. Hansai ta sayar da awakinta ta kafa kwami, Kudili ya haɗa mata duro. Kifin ya karɓi ruwan, ya yi kauri, ana sa ran kwashewa kafin ruwan farko. Zamanta a gari da na 'ya'yanta duk yana cikin tamfol ɗin nan.

Ana cikin azumi, zafi kamar a bakin maƙera, Kudili ya leƙa duron ya ce mata, "Maman Talha, ya kusa son wanki. Kada ki taɓa, ki bar mini, bayan Sallah zan zo in yi da kaina."

Shi umarni ya ba ta. Ita kuwa kara ta ji. A wajenmu in babba ya ce ka bar masa aikin ƙazanta zai yi da kansa, mai tarbiyya ba ya bari. Ga shi kuma jajibiri ya zo, ranar da mace ke fito da komai na ɗaki ta wanke, har tukunyar da ba a dafa komai a ciki ba. Hansai ta buɗe duron ta ga baƙin yauƙi, kunya ta kama ta, wai dattijo mai furfura zai sa hannu a wannan, a gidanta, a makon Sallah. Ta juye shi ƙasa. Ta sa garin sabulu da soson ƙarfe, ta bi tsakuwar nan ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a rana har ta yi fari, ta mayar yadda ta gan ta. Ta kwana tana jin daɗin za a yaba mata.

Ba a gama yawon Sallah ba ta yi sallama a ƙofata da hantsi. Kifi ya ƙi cin abinci. Na je na gani, na wuce na ɗauko Kudili.

Tun daga zaure ya rage tafiya, hancinsa ya riga ya gaya masa. Ruwan ya yi fari-fari, yana tashin zarni. Tarwaɗun sun taso sun tsaya a tsaye kamar an rataye su, gashin bakinsu ya nannaɗe, cikinsu ya yi ja. Wasu sun kife a kusurwa. Ya ɗaga murfin duron, ya ɗebo tsakuwa, ya murza ta a yatsa. Ƙara ta yi, irin ta sabon kwano.

"Wa ya wanke?"

"Ni ce," in ji Hansai. "Na ga bai kamata kai da girmanka... Mi na yi?"

Na ga muƙamuƙinsa ya motsa. Na san Kudili da faɗa, na taɓa ganin ya kori mai gida daga bakin kwaminsa a kan ƙaramin abin da bai kai wannan ba. Ya dubi matar, ya dubi hannuwanta da soson ƙarfe ya yayyanka, sai ya haɗiye fushinsa.

"Kin yi wanki mai kyau," ya ce. "Sai dai ma'aikatan da ke ciki kika kora. Yanzu duron nan ado ne."

"Za su mutu?"

"In muka tsaya magana."

Abin da ake bukata ya faɗa mana a tsaye. A zubar da tsakuwar da ta sha sabulu, a ɗauraye duron har ƙamshin ya fita. A rage ruwan kwamin a ƙara sabo. Sannan a samo tsohuwar tsakuwa mai rai, ba 'yar kaɗan irin ta sabon kwami ba, mai yawa, domin kifin ya girma, ƙazantarsa ta girma, ba zai jira yauƙi ya taru a hankali ba. Maganar sabon ruwa na ce a bar mini. Rijiyar gidana ni na haƙa ta, ba ta taɓa ba ni kunya ba, kuma duk da shekaruna guga bai fi ƙarfina ba har yau. Tsakuwar ce matsala.

Wanda ke da ita da yawa shi ne Alhaji Abdussamad mai shagon taki, don duronsa uku ne, kuma duk Kudili ya haɗa su. Muka same shi a ƙofar gida yana karɓar gaisuwar Sallah. Ya saurara har ƙarshe, yana gyara hula.

"Kudili, ba rowa ba ce. Ka ce buhun abincin kifi, yanzu a ɗora maka a babur."

"Abinci ne zai ƙarasa su, Alhaji. Dutse nake roƙo. Dutsen da ni na zuba."

"To ai shi ne. Tun da ka zuba shi ban yi asara ba. Kwamin da kifi ke mutuwa a cikinsa, in haɗa dutse da shi? In sa'ar ta bi dutsen fa?"

"Ba dawo maka da nata zan yi ba."

"Ka dai fahimce ni."

Na ce masa, "Alhaji, rijiyar da kake alwala da ita, da na tafi da sa'ata ranar da na gama ta, da yanzu taimama kake yi." Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai tashi ba. Sauran masu kwami ƙanana ne, in aka ɗebi abin da zai isa daga wajensu, nasu kifin ne zai kife. Kudili ya san haka, don shi ya san cikin kowane duro a garin nan. Bai ko tsaya a ƙofarsu ba.

Rana ta take sosai da muka isa gidansa. Ya tsaya a gaban duron Gwaggo ya ɗaga murfin. Wannan ita ce tsakuwar farko, uwar duk wadda ke garin, ba a taɓa barin ta ta bushe ba tun Onyinye na da rai. Kuma ya sani, ni ma na sani, kififfiya in ta tsufa ba ta jure ruwa marar kyau. Gwaggo ta fito da kai tana kallonsa, ta ɗauka abinci ne.

"Ka bar mata rabi," na ce.

"Rabi ba zai riƙe kifin can ba."

"In ta mutu fa?"

"Baba Buba, riƙe mini bokitin."

Ya kwashe har sai da muka ji hannunsa na karce gindin duron. Ya zuba ruwan bahon a kai don kada ta sha iska, ya jiƙa buhu ya rufe, ya ce in rungume bokitin a bayan babur kada rana ta taɓa shi. Haka muka ratsa gari, mutane sun sha kwalliyar Sallah, mu kuwa ruwan kififfiya na zuba a rigunanmu.

Jera tsakuwar bai ɗauki lokaci ba. Jiran ne ya yi tsawo. Kudili ya hana a ba kifin ko ƙwaya, ya ce cikin da ba a cika ba ba ya ɓata ruwa. Kullum da safe sai ya zo, ya shinshina, ya tsame waɗanda suka mutu, ni kuma in ja guga a sauya kaɗan. Kullum sai Hansai ta tare shi da kwanon abincin a hannu.

"Yau in ba su?"

"A'a."

"Yunwa za ta kashe wanda ruwa ya bari."

"Tarwaɗa ta fi ki iya azumi, Maman Talha. Ajiye kwanon."

Ta daina cin abincin kirki ita ma. In ka leƙa za ka same ta a tsugune bakin tamfol, tana ƙirga masu motsi da ido, ta rikice ta sake farawa. A cikin kwanakin nan Awaisu ya zo gaisuwa, ya tarar an jera matattun kifi a kan buhu. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya ce, "Yaya, an fara sharar gona. In za a koma gara a koma da wuri." Ta dubi Kudili ko zai ce wani abu. Shi kuwa ba ya alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Ya ce wa Awaisu kawai, "Ka dawo ranar kasuwa ta sama, ka gani da idonka." Da muka fito na tambaye shi ko yana da tabbas. Ya ce ba shi da shi.

A gidansa kuma Gwaggo ta fara nuna alama. Idanunta suka kumbura suka rufe, ta daina karɓar tana, ta koma kusurwa ta janye kai. Sabuwar tsakuwar da ya zuba mata ba ta kama ba tukuna. Mutumin da gwiwoyinsa ke ƙara in zai tsuguna, shi ne ya koma sauya mata ruwa da bokiti safe da yamma, yana wanke mata ido da ruwan gishiri kaɗan, sannan ya hau babur ya tafi duba kifin wata. Bai gaya wa Hansai ba. Ni na gaya mata, don ni ba a haife ni da rufe baki ba.

Ranar da abin ya juya, Kudili ya shinshina ruwan ya daɗe, ya sake ɗiba ya sake shinshinawa. Zarnin ya tafi, sai ƙamshin laka irin na bakin rafi. Kifayen sun sauka ƙasa, ba mai ratayewa. Ya miƙa hannu, Hansai ta ba shi kwanon. Ya ɗebi ɗan kaɗan da yatsu uku ya watsa. Ƙwayoyin suka yi ta yawo a saman ruwa, ba abin da ya taɓa su. Na ji matar tana salati ƙasa-ƙasa. Sai wani baƙin baki ya taso ya ɗauke ɗaya. Kafin ka ce me, ruwan ya hautsine, har yana fantsamo mana a fuska. Hansai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta yi asara, ba a ce ba ta yi ba. Amma mafi yawa sun tsira, ta kwashe ta sayar kafin ruwan farko, ta zuba sababbi. Awaisu ya zo ya gani, ya ci tuwo, ya koma shi kaɗai. Yaran suna nan, ina jin hayaniyarsu ta katanga yanzu haka.

Gwaggo kuwa ta daɗe tana jinya, har Kudili ya fara maganarta kamar wadda ta riga ta tafi. Wata safiya muna zaune a gindin gwandar, sai ga sallamar Hansai. Ta shigo da babban kwanon sha a ka, an rufe shi da jiƙaƙƙen zane, irin yadda ake kai abincin Sallah gidan surukai. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ya buɗe. Tsakuwa ce baƙa, tana naso, yauƙi na bin ta.

"Na kawo wa Gwaggo kayanta," ta ce. "Duron nawa ya kama, na bar masa abin da zai ishe shi. Ka duba da kyau, ban wanke ba."

Kudili ya ɗauki kwanon ya juye a duron Gwaggo. Gwaggo ta warke, ido ɗaya ne bai koma daidai ba. Da ɗayan take hango tana, kuma ba ta kuskure.

Kudili, yanzu da kai nake. Kai ne ka ɗauki abin da kowa ke zubarwa, dutse da gawayi da yagaggen gidan sauro, ka mai da shi abin riƙe gida. Kai ne ka shiga gidajen da ba addininku ɗaya ba, aka ɗaga maka labule, ba a taɓa jin abin kunya daga gare ka ba. Mai hancin da ya fi ido gani. Ni na haƙo ruwa daga ƙasa, wannan kowa ya sani, amma kai ne ka koya masa zama.

Abin da ya hana ni sukuni har na yi wannan magana shi ne, ɗansa Chidiebere ya zo daga Kaduna ya ga yadda uban ke dafa bango kafin ya miƙe, ya ce bayan damina zai tafi da shi. Ban ga laifin yaron ba. Amma na zagaya garin nan a raina, gida-gida, ban ga hancin da zai maye nasa ba. Kowa ya iya kiran Kudili, ba wanda ya tsaya ya ga yadda yake jera dutsen. Bazara za ta dawo. Wata mai tsafta za ta sake buɗe duro a jajibiri, kunya ta kama ta. Wa za a ɗauko?

Don haka masu kwami, tun yana nan, ku bi shi. Ku tsuguna inda ya tsuguna, ku sa hannu a yauƙin, ku shinshina abin da ya shinshina, ku tambaye shi har ya gaji da ku. Hansai ta riga ku, ita ke riƙe masa bokiti yanzu, kuma ya ce in zai tafi a gidanta zai bar Gwaggo. In maƙwabci ya yi sallama yana neman tsakuwa, ku buɗe duro ku ɗebar masa, babu sa'ar da ke bin dutse ta fita. Alhaji, har da kai.

Mun gode, Kudili. Allah ya sassauta maka gwiwoyin nan, ya saka maka da abin da ya fi abin da ka ba mu. Duk duron da ke ɗiga a garin nan, in aka bi asalin tsakuwarsa, a gindin gwandarka za a tsaya. Ga hulata a hannu.